Malam Isiyaku da muryar Zulai

A watan nan maigidana, Malam Isiyaku, ya cika shekara ashirin da shida da rasuwa. Har yanzu ina cikin flat ɗin da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu a Thamesmead, hawa na huɗu, ga gwiwoyi sun fara ƙin matattakala.

Farkon shekarun tamanin muka zo Landan, shi don karatun ilimin harsuna, ni don rakiya. Shekara uku muka ce wa dangi a Gusau. Sojoji suka karɓi mulki a gida, aka yi cancel ɗin tallafin karatunsa, ya ce mu dakata ƙasa ta daidaita. Wasu sojojin suka ture waɗancan, ya sake cewa mu dakata. Haka muka yi ta bin layi a ofishin shige da fice na Croydon da takardu cikin leda, har furfura ta fito masa.

Da yake ɗan tela ne, ya iya allura. Sai ya samu aiki a ɗakin tufafi na wani gidan opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rera kowace magana maimakon a faɗe ta. Ni kururuwa kawai nake ji a ciki. Shi kuwa yana ɗinkin maɓalli yana sauraron masu gwaji ta lasifikar bango, har abin ya shiga ransa. Ranar Lahadi ina tuƙa tuwo, zai tsaya a ƙofar kicin yana ba ni labari. Wai kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce wasu masana a Italiya suka ɗauka Girkawan dā rera wasanninsu suke yi. Suka so su dawo da abin da ya ɓace, ba su iya ba, sai suka ƙirƙiro wani abu dabam. Ita kalmar opera ma, in ji shi, ba ta nufin komai sai aiki.

Bin asalin kalmomi shi ne ciwonsa. Ashana daga Yarbanci, sabulu daga Larabci, asibiti daga Turanci. Ranar da aka soke zaɓe a gida ya kashe rediyo, ya ce min siyasa a Larabci asalinta kiwon doki ne da horar da shi. “Namu sun riƙe bulalar, sun manta da ciyawar,” in ji shi. Ban sake jin ya yi zancen komawa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Asalin kalmar da yakan yi wata yana nema a laburare, yanzu waya na ba da shi kafin shayi ya huce. Na san zai yi gardama da wayar. Sojoji sun koma bariki, amma har yau ’ya’yan ƙawayena na bin layin nan na Croydon. Ina jin wannan ba zai ba shi mamaki ba, gajiya kawai zai ƙara.

’Ya ɗaya Allah ya ba mu, Zulai, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. A nan aka haife ta. Mu yi mata Hausa, ta amsa da Turanci. Kaset-kaset ɗinsa na opera ta tashi tana ji, kuma tana da murya. Tana shekara goma sha bakwai malamar waƙa a makarantarsu ta samo mata damar gwaji a wata kwalejin kiɗa. Ta kawo takardar da murna, a zatonta babu wanda zai fi shi farin ciki.

Ya karanta, ya naɗe, ya miƙa mata.

“Uwata, ba za ki je ba.”

Ta tambaye shi dalili da Turanci, ya ce ya gama magana. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta karanta haɗa magunguna, yanzu tana aiki a wani kemis a Catford.

Bayan shekara uku zuciyarsa ta kwantar da shi a asibiti. Wata rana da la’asar ya ce, “Uwata, ɗan rera min wani abu.” Ta ce akwai marasa lafiya a ɗakin, ya bari sai ya dawo gida. Bai dawo ba. Tun daga ranar ban ji ta rera ko baiti ɗaya ba, ko a wurin wanke-wanke.

Me ya rage na Malam? Litattafan rubutu bakwai cike da kalmomi, babu mai karantawa. Kabari a ƙasar da bai taɓa kira tasa ba. Sai ’yarsa, mace mai shekara arba’in da shida, mai haƙuri da tsantseni irin nasa, da taurin kai irin nasa.

Makon jiya ta kawo min magani. Tana jera kwalaben ta tambaye ni, da Hausa kuma, “Mama, Baba gani ya yi ba zan iya ba?”

Na gaya mata abin da ya faɗa min washegarin ranar takardar. Ya ce shekara goma sha biyu yana gidan operan nan, baƙaƙen fatar da yake gani kullum tsintsiya ce ko allura a hannunsu. Ya ce ya san za ta iya, kuma ba zai jure ya ga ta iya an bar ta a bakin ƙofa ba.

Ta ƙarasa jera kwalaben. Can ta ce, “Da ya gaya min.”

Shi shekara uku ya samu bai faɗa ba. Ni na samu ashirin da tara, ban faɗa ba.