Alhaji Muntaka Tsamaye, Wakilin Awaki

Haihuwa da tasowa

An haifi Muntaka ɗan Malam Dalhatu a garin Tsamaye ta ƙasar Sabon Birni cikin daminar shekarar 1909. Mahaifinsa malamin allo ne mai taɓa noman gero, mahaifiyarsa kuwa, Halimatussa'adiyya, Bafillatana ce daga wata ruga ta kusa da Tozai, kuma a wajenta ya koyi sanin dabba da ido. Ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa yana da shekara goma sha huɗu. Bokon zamani bai yi ba, har ya bar duniya da ajami yake sa hannu a takarda.

Sana'ar fatu

A shekarar 1927 ya koma Isa ya shiga sayen fatun awaki a hannun mahauta. Bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura, sai ya riƙa ɗaura fatu a bayan jakuna yana kai wa wani kamfanin Turawa da ke can. A lokacin babu fatar da Turawa ke so irin ta jar akuya, saboda laushinta da kyaunta wajen jima. Muntaka ya hana mutanensa shanya fata a ƙasa, sai a rumfa cikin inuwa, don haka kayansa suka yi suna. A 1936 kamfanin ya ba shi lasin zama wakilinsa a kasuwannin Isa da Sabon Birni.

Aure

Ya auri Basira 'yar Malam Isah na Tozai a 1931, suka zauna shekara ashirin da biyu har Allah ya karɓi ranta. Bayan shekara guda ya auri Mardiyya, wadda ita ce ta yi jinyarsa a ƙarshen rayuwarsa.

Majalisa da batun awaki

A 1944 hakimin Isa ya sa shi cikin majalisarsa a matsayin wakilin 'yan kasuwa. Shekara biyu bayan haka wani Bature likitan dabbobi ya zo da umurni cewa duk akuyar da ba ja ba ce, baƙa ko fara ko mai roɗi-roɗi, a sayar da ita ko a yanka cikin wata uku, domin irin ja ya tsarkaka. Da a ce umurnin ya tabbata, da babu wanda zai fi Muntaka cin riba. Sai dai ya san awakin gari na mata ne, da su ake kai amarya ɗaki, su ake yankawa ranar suna, kuma nononsu ke riƙe yara idan hatsi ya ƙare. Tun kafin a gama shela wasu gidaje suka fara kora nasu zuwa wajen dangi a tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulka, har ana raɗe-raɗin mutanen ma za su bi.

A zaman majalisa ya miƙe ya ce wa Baturen ta bakin tafinta: "Ranka shi daɗe, akuya ba riga ba ta, balle a kai ta marina. A ba ni shekara biyat, za ni maida su ja ba tare da an aza wuƙa ga wuyan ko guda ba."

Baturen ya yarda bisa sharaɗi. Idan wa'adi ya cika za a ƙirga, a cikin kowace akuya goma takwas su kasance jajaye, kuma kada a sami baƙin bunsuru ko ɗaya. In ba haka ba, Muntaka zai rasa lasinsa da kujerarsa.

Dabarar da ya yi ita ce ya sayi jajayen bunsurai arba'in, ya raba su unguwa-unguwa daga Isa har Tsamaye, kowanne ya damƙa shi a hannun wata dattijuwa mai amana. Duk mai baƙin bunsuru kuma ya kawo a yi masa musaya da ja. Haihuwar farko ta ba da kunya, domin yawancin 'yan awakin da roɗi-roɗi suka fito. Mahauta suka sa masa suna Wakilin Awaki, in ya ratso kasuwa sai su tambaye shi ko talakawansa sun kwana lafiya. Shi kuwa yakan amsa cewa lafiya lau, kuma sun fi mahauta jin magana.

Ranar ƙidaya

A watan Maris na 1951 Baturen ya dawo da ma'aikatansa, aka yi kwana shida ana zagaye garuruwa. A Tozai, a gidan wata tsohuwa mai suna Inna Fatimatu, ana cikin ƙirga sai aka ji kukan bunsuru daga cikin rumbu, da aka leƙa aka ga baƙi ne. Muntaka ya daɗe da sanin yana nan. Sau uku ya je mata da ja tana mayar da shi, ranar ma abin da ta saba faɗa masa shi ta maimaita a gaban kowa: "Muntaka ɗana, wanga jikan akuyad da uwata tab ba ni na, ranad da anka kai ni ɗaki. In za a tahi da shi, a haɗa da ni."

Baturen ya tambayi Muntaka ko ya san da wannan. Ya ce ya sani, kuma shi ne ya ƙi matsa mata. Da aka tattara ƙidaya, bakwai aka samu cikin goma, ba takwas ba. Aka karɓe lasinsa, ya sauka daga majalisa cikin makon nan. Amma da Baturen ya ga babu gidan da ya ƙaura, kuma jajayen awaki sun ninka yadda ya bar su, sai ya janye umurnin yanka gaba ɗaya. Muntaka ya koma gida ya gaya wa Basira cewa abin da ya je nema ya samu, abin da aka karɓe kuwa takarda ce.

Siyasar zaɓe da shekarun baya

Daga nan ya koma fataucin kanwa da albasa tsakanin Sabon Birni da Maraɗi, arzikinsa bai sake kai na da ba. A 1954, da aka fara zaɓen majalisar gunduma, ya tsaya. Abokan takararsa suka yi ta ba'a cewa awaki ba su jefa ƙuri'a, matan ma ba su jefawa. Ya ci da rinjaye kaɗan, kuma wasu magidanta sun faɗa daga baya cewa an gargaɗe su a gida kafin su fito. Ya riƙe kujerar har 1966, ya fi ba da ƙarfi ga rijiyoyi da burtalin makiyaya. Ya sauke farali a 1961. Ko bayan ya bar siyasa bai daina sauya bunsurun unguwa ba idan ya tsufa ko ya mutu.

Rasuwa

Alhaji Muntaka ya rasu a gidansa da ke Isa da hantsin wata Laraba cikin watan Safar, 1984, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara saba'in da biyar. Aka yi masa salla bayan azahar, aka kai shi makwancinsa kusa da kabarin Basira. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: Atiku, Laraba, Fatihu, Amiru da Ikramu, da jikoki ashirin da uku.

Da malamin rabon gado ya zo, ya tambayi inda awakin mamaci suke, sai Atiku ya miƙa masa wasiyya da ajami. A ciki mahaifinsu ya rubuta cewa bunsuran da ke unguwanni wakafi ne, ba a sayarwa, ba a gada. Aka duba garkensa da ke bayan gidansa, ba a tarar da akuya ko ɗaya ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.