Inda Ruwa Ya Kwanta

Ranar da muka kai yara bakin teku ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun ja, wanda ya kai mu ma ya riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na zauna shiru sai in ji ƙugin ruwan nan a kunnena.

Mu mutanen bakin gulbi ne, a ƙasar Bagudo. Maigidana Basarke ne, wato masunci, sana'ar su ya gada kaka da kakanni. In jirgi ya kife ko saniya ta faɗa zurfi, ƙofarmu ake bugawa. Ba mutum ne mai kuri ba, yakan nemi shawara a kan gona, a kan ciniki, har a kan tarbiyyar yara. Abu ɗaya ne ban taɓa jin ya tambayi kowa a kansa ba, shi ne ruwa.

Yana da ƙane da ke kasuwanci a Kwatano. Duk zuwansa gida da Sallah sai ya tsokani wansa.

"Yaya, wanga gulbi da kuke taƙama da shi, in anka kai shi gaban teku ai ruwan alwala na."

"Kai dai ka cika baki," in ji maigidana. "Ruwa ruwa na. Don an zuba mai gishiri sai ya canza hali?"

Yaranmu uku ne a lokacin: babban namiji, da ɗiya ta tsakiya, da auta da nake goyo. Ɗiyar sunan mahaifiyar maigidana ta ci, don haka "Uwata" yake kiranta, kuma ita ce 'yar gaban goshinsa. Tun ba ta yi famfara ba ya koya mata iyo. Ita ce ta riƙe maganar kawunta, ta hana uban sakat, safe da yamma tana tambayar yaushe za a je ganin ruwan da ba shi da ƙetare. Da aka yi hutun makaranta, kifi kuma ya yi albarka a shekarar, sai ya ce mu shirya.

Shirin da na yi abin dariya ne yanzu. Na cika buhu da ƙuli-ƙuli da dambu da garin fura, na naɗe tabarmi, har banda na ƙunsa, wato na ɗauki kifi zan kai wa teku. Abin da ya kamata in tanada kuwa ban tuna ba: takalman da ba za su tsinke ba, da hulunan kare rana, da maganin amai na mota. Takardun ƙetare iyaka da katin rigakafi dai ƙanen maigida ya yi ta nanata mana a waya, Allah ya sa muka ji. Ta Tsamiya muka fita, muka bi Kandi da Faraku, yara suna ta kallon ƙasa tana ƙara kore, har muka isa a gajiye liƙis. Muka huta kwana biyu kafin a yi zancen teku, kuma na gode wa matar ƙanen da ta dage a kan hakan.

Wurin da aka kai mu tsibiri ne, irin abin da muke kira gungu a wurinmu, sai dai shi gefensa ɗaya tabki ne mai sanyin hali, ɗayan gefen kuma teku. A kwale-kwale muka ƙetare tabkin da hantsi. Matar ƙanen ta shigo da jarkar ruwan sha, ta ce rijiyoyin can gishiri-gishiri ne. Maigidana kuwa tun daga hawa yake kallon yadda mai jirgin ke riƙe gora yana girgiza kai.

"Wanga in gulbinmu na, da tuni ya kai mu cikin ciyawar burgu," ya raɗa mini.

"To, Malam, ai ba gulbinku ba ne," na ce. Muka yi dariya. Ban san na faɗi magana ba.

Kafin mu ga tekun mun ji shi. Muna ratsa itatuwan kwakwa da bukkokin masunta, yashi yana ƙona tafin ƙafar yara suna tsalle, sai ƙugi yake ƙaruwa kamar hadari na tahowa. Da muka hau tudun yashi na ƙarshe sai ga shi a gabanmu. Ruwa ne har inda ido ya tsaya, yana tasowa ya naɗe, ya faɗo da farin kumfa, ya koma. Maigidana ya daɗe a tsaye. Can ya gangara, ya ɗebo da tafin hannu ya kurɓa, ya tofar yana yamutsa fuska.

"Subhanallahi. Ashe da gaske kake," ya ce wa ƙanensa.

Muka shimfiɗa tabarmi a inuwa, muka ci abinci. Ƙanen ya tafi cikin bukkoki neman ɗanyar kwakwa, ya ce kada kowa ya shiga ruwa sai ya dawo. Amma wa zai tsare ɗiyar nan? Ta riƙe hannun uban tana roƙo, ko ƙafa ce ta tsoma. Shi kuma a ganinsa gargaɗin na yara ne da mata.

Bai yi sakaci ba, wannan nake son a fahimta. Ya yi abin da yake yi kullum kafin ya bar yaro ya shiga gulbi: ya bi gaɓa yana karanta ruwa. A wurinmu inda ruwa ke tafasa yana kumfa, nan ne dutse yake ko majuyi, a guje shi. Inda ya kwanta luf kusa da yashi, nan mata ke wanki, nan yara ke wanka. Da wannan idon ya duba teku. Dama kumfa, hagu kumfa, sai ga wani ɗan fili a tsakani, ruwansa ya ɗan yi duhu, babu igiyar da ke fashewa a cikinsa.

"Yawwa, ga mashaya," ya ce. "Uwata, nan ruwan ya kwanta. Kada ki wuce ƙugu."

Babban ya tsaya tsintar katantanwa. Ita ta shiga da doguwar rigarta tana dariya, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ta juyo ta ɗaga mini hannu. Ina kwance goyo don in shayar da auta, na sunkuya, na ɗago, sai na ga kan ɗiyar kaɗai a saman ruwa, kuma ba a inda na bar ta ba.

Ba nutsewa take ba. Iyo take, da kyau ma, fuskarta tana kallonmu, hannuwanta suna aiki yadda ya koya mata. Amma baya take tafiya. Duk bugun da ta yi don ta zo gare mu, sai ta ƙara nisa, kamar an ɗaura mata igiya ana ja daga tsakiyar teku.

"Baba!" Sau ɗaya na ji muryarta, ƙugin ya cinye saura.

Ban ga lokacin da ya tuɓe riga ba. Na dai gan shi a cikin ruwa, ruwan da ya ɗauke ta ya ɗauke shi, nan da nan ya cim mata. Na ga ya juya ta, ya ɗora ta a bayansa. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Ashe ba a fara ba. Ya fuskanto gaɓa yana bugu da dukan ƙarfinsa, mutumin da ke ƙetare gulbi a cikar damina, amma ko taku ɗaya bai matso ba. Matar ƙanen ta ruga wajen bukkoki tana kururuwa. Babban ya nufi ruwa, na cafke wuyan rigarsa, auta a ɗaya hannun. Ban yi kuka ba. Bakina dai yana motsi da sunan Allah, idona a kan kawuna biyu da ke ɓacewa suna bayyana.

Sai na ga ya daina bugu. Zuciyata ta yanke, na ɗauka ƙarfinsa ne ya ƙare. Daga baya ya gaya mini abin da ya zo masa a lokacin. Ya ce muryar mahaifinsa ya tuna, ranar da ya fara koya masa ƙetare gulbi: ba a yi wa ruwa gaba da gaba, yanka shi ake yi a karkace. Ya ce wa kansa, ashe wannan ma gulbi ne, sai dai cikin teku yake gudu, kuma kowane gulbi yana da gefe. Sai ya bar gaɓa, ya juya ya bi tsawonta, yana yanka ruwan a hankali, ya nufi kumfan nan da ya guje wa tun farko. Yana shiga cikinsa wata igiya ta taso ta rufe su. Ta biyu ta mirgino su. Masunta biyu da suka iso da gudu suka shiga har ƙirji suka jawo su.

Ɗiyar ta yi amai, ta yi tari, ta buɗe ido ta ce, "Inna, ɗankwalina ya tafi."

Shi kuwa yana zaune a kan yashi, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, gwiwarsa ta goge tana jini. Ƙanensa ya iso da kwakwa a hannu. Na zaci za a ce mu tattara mu tafi. Da numfashinsa ya daidaita sai ya ce wa ƙanen, "Wa ab babba cikin masuntan ga? Kai ni wurinai, ka yi man tafinta."

Wani tsoho ne yana gyaran taru a gindin kwakwa. Maigidana, wanda ake tashi a ba shi wuri a bakin gulbinmu, ya durƙusa a gabansa kamar sabon yaron jirgi. Tsohon bai yi masa faɗa ba. Ya ɗauki ɓawon kwakwa biyu, ya ja mu zuwa gaɓa. Ya jefa ɗaya cikin kumfa, ya yi 'yan juye-juye ya dawo ƙafafunmu. Ya jefa ɗayan inda ruwa ya kwanta, muna kallo ya miƙe ɗoɗar ya yi cikin teku. Ya ce duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa sai ya nemi hanyar komawa, wannan filin ita ce hanyarsa, kuma ba kullum take wuri ɗaya ba. Su kansu ta nan suke tura jiragensu in za su fita. Yaransu kuwa a gefen tabki suke wanka. Sa'an nan ya tambayi yadda aka yi baƙo ya san yanka ruwa. Da aka gaya masa, ya riƙe hannun maigidana ya daɗe bai saki ba.

A gefen tabkin muka ƙarasa yinin. Yaran suka yi wasa a ruwan da bai wuce gwiwa ba, har ita, bayan ta yi barci a cinyar ubanta.

Da muka dawo gida na ɗauka zai rufe maganar, ko ya ba da rabinta mai daɗi, cewa ya ƙwato ɗiyarsa daga teku. Ba wanda zai ƙaryata shi. Amma a ranar farko da ya zauna da 'yan uwansa masunta, daga farkonta ya fara.

"Ni na zaɓa mata wurin," ya ce musu. "Da hannuna na nuna mata."

Aka yi ta yi masa ba'a. Abokan wasansa suka sa masa suna Sarkin Ruwan Gishiri, in ya wuce su ce, "Malam, zo karanta muna wanga kududdufi, ya kwanta ko bai kwanta ba?" Abin ya dame ni, na ce masa me ya sa yake ba da kansa haka.

"Bari su yi dariya," ya ce. "Wanda ya yi dariya ba ya mantawa. Wata rana ɗayansu zai kai nashi ɗiyan."

Ba ruwa ne ajalinsa ba. Ciwo ne ya kwantar da shi 'yan shekaru bayan haka, ya cika a ɗakinsa, ɗiyar tana riƙe da kofin da take ba shi ruwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba zan tsawaita a nan ba.

Abin da ya tayar mini da wannan labari shi ne, kwanan baya ɗiyar nan ta zo gida da ɗanta na fari, wanda ya ci sunan kakansa. Mijinta ya samu aiki a kudu, yana son ya kai su bakin teku. Ta zauna kusa da ni tana wasa da bakin mayafinta, ta ce, "Inna, ina jin tsoro. In ce mai a'a?"

Na ce ta tafi. Na ce ta huta bayan doguwar hanya kafin ta fita, ta riƙe ruwan sha mai yawa, ta sa wa yaro takalmi da hula, kada ta shiga ruwa da zane mai nauyi, kada ta ɗauke ido daga kansa ko na gyaran goyo. Na ce in ta ga inda ruwa ya kwanta a tsakanin kumfa ta yi nesa da shi. Kafin komai kuma, ta nemi mutanen wurin ta gaishe su, ta tambaye su inda nasu yaran suke wanka.

Ta yi murmushi idonta cike da hawaye, ta ce, "Sai in jefa ɓawon kwakwa."

Abin da na koya ke nan a tsibirin nan, kuma daga mijina na koye shi. Sanin da mutum ya taso da shi na wurinsa ne. Zai iya cetonka a baƙon wuri, kamar yadda ya ceci ɗiyata, amma kafin ka ɗora ran wani a kansa, durƙusa ka tambayi masu wuri. In kuwa ka yi kuskure Allah ya kuɓutar da kai, ka faɗe shi daga farkonsa, ko da za a yi maka dariya.