Kunun Tsamiyar da Na Miƙa wa Habibu

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Ku dai sani ni makanikin babur ne, haifaffen Kano, kuma kafin in zama abin da na zama ko gaban mai unguwa ba a taɓa kai ƙarata ba. Na iya aikina, wannan ba cika baki ba ne. In babur ya wuce ta ƙofar gareji, daga ƙararsa kaɗai zan gaya maka ciwonsa. Da ku samari nake magana, musamman masu sana'ar hannu, waɗanda mutane ke sakin jiki da ku.

Na sauka New York a ƙarshen shekarun tamanin, ban san kowa ba. A masallacin unguwar Tremont na haɗu da Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, direba a wani ofishin jakadanci. Ya ga ina rawar sanyi cikin 'yar rigata ta gida, ya cire kwat ɗinsa ya yafa mini, ya ja ni gidansa. Matarsa Hajiya Rakiya ta ce daga yau ni ƙaninta ne. Shi ya sa ɗansu tilo, Habibu, yake ce mini Kawu. Alhaji ne kuma ya samo mini aiki a wani garejin babura a Bronx, ɓangaren birnin da muke zaune.

Habibu ya taso da ciwon babur. Ba na kan kwalta ba, na tseren kan ƙasa, wanda ake tara tuddai a fili a jiƙa su, mahayi ya yi sama da babur kamar an cilla shi, ya diro cikin laka ya sha kwana. A cikin birni babu irin wannan fili, sai mu ɗora babur a bayan mota mu fita wajen gari ranar Lahadi. Alhaji bai so ba da farko. Ni na lallashe shi, na ce ya bar mini yaron, idona na kansa. Ya ce, "To, na ba ka amanarsa." Kafin Habibu ya cika ashirin ya samu lasisin ƙwararru, wani kamfani ma ya fara ba shi babura. Ni ne makanikinsa.

A wajen tseren na san wani mai gidan motsa jiki da ake kira Riki. Wata rana ya miƙo mini ɗan ƙunshi, ya ce in ajiye masa a akwatin kayan aikina, wani mahayi zai zo ya karɓa. Na san ba alewa ba ce, amma ban tambaya ba. Ya cusa mini wani abu a aljihu, na ji daɗi. Mako na gaba ƙunshi biyu ne. Kafin shekara ta zagayo na san sunan kowace ƙwaya, wadda ke gina tsoka da wadda ke hana gajiya, kuma ni da kaina nake sayarwa. Wa zai binciki akwatin makanike, duk baƙin mai da tsumma? Ko da gwamnati ta tsaurara doka a kan ƙwayoyin a farkon shekarun casa'in, ni abin da na gani shi ne farashi ya hau. Da carbina a aljihu nake wannan sana'a, ina sahun gaba a masallaci.

Habibu bai san komai ba. Yaron nan ko sigari bai taɓa sawa a baki ba. Matsalarsa ɗaya ce. Zagaye biyu ake yi a yini, a na farko ba mai kamo shi, amma a na biyu damatsansa kan ƙage, ya kasa matse birki yadda ya kamata, sai a wuce shi. Na taɓa ɗan gwada shi da wasa, na ce akwai abin da wasu ke sha. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ko da wasa kada ka sake faɗar wannan." Na yi dariya na ce gwada shi nake.

Sai ga wani babban tsere ya zo, wanda manyan kamfanoni ke turo mutanensu su zaɓi mahaya. In an ɗauki Habibu, an ɗauke ni, na rabu da garejin Bronx ke nan. Da safe masu shirya tseren suka tara mahaya suka karanta musu doka. Duk wanda ya zo a sahun gaba za a iya gwada fitsarinsa, kuma abin da aka samu a jikin mahayi nasa ne, ko ta wace hanya ya shiga. Saboda haka mahaya suna da tasu al'ada, ba sa shan abin da ba su suka buɗe da hannunsu ba. Habibu ma haka yake da kowa, ban da ni. Kowace Lahadi Hajiya kan dama masa kunun tsamiya ta zuba a fulas ta ba ni, ni nake riƙewa, ni nake zuba masa.

Ku ji wautar da na yi. Mu a gida mun taso ana cewa tsamiya tana karya magani, tana wanke ciki. Sai na yi lissafi irin nawa, wai ƙwayar za ta yi aikinta a lokacin tsere, kafin a zo gwaji tsamiya ta wanke ta tas. Wallahi har daɗi na ji, ina ganin na san abin da Turawa da na'urorinsu ba su sani ba. Tsakanin zagayen farko da na biyu na shiga bayan mota, na murƙushe ƙwayar hana gajiya da gindin sukundireba, na zuba a kofi na juya. Habibu ya zo yana haki, ya cire safar hannun dama, ya ɗan rusuna kamar yadda aka koya masa, ya karɓa. Ya kurɓa ya yamutsa fuska. Na ce, "Shanye mana, gumin uwarka ne." Ya yi bisimilla ya shanye.

Ya ci tseren. Ban gama murna ba na ga wani mai farar riga ya riƙe masa hannu ya yi tantin gwaji da shi. Bayan 'yan makonni aka kira mu gaban kwamiti, ni da shi da Alhaji. Suka ce an samu haramtacciyar ƙwaya a jikinsa. Tsamiya ba ta wanke komai ba. Suka tambaye shi ko ya sha wani abu daga hannun wani. Ya ce babu, sai kunun mahaifiyarsa da kawunsa ya zuba masa. Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na kafa wa takalmina ido. Alhaji ya miƙe, ya ce da Hausa, "Uwarka za ka laƙa wa? Ko wannan bawan Allah da ke wahala a kanka?" Kwamiti suka ce su ba ruwansu da kunu, doka a fili take. Suka karɓe kofin da ya ci a tseren, suka dakatar da shi shekara biyu. Kamfanin nan ya aiko aka kwashe baburansa.

A ranar Alhaji ya kore shi daga gida. Ya ce bai haifi ɗan ƙwaya ba, kuma bai haifi mai yi wa manya ƙazafi ba. Habibu ya ƙare a wata unguwa da ake kira Port Richmond, yana sauke kaya a shagon wani mutumin Kumasi, yana kwana a bayan shagon. Ni fa? Ni ina nan ina cin tuwon Hajiya duk Juma'a. Har Alhaji ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri, ɗansa ya zubar mini da mutunci. Na ce ba komai, Allah ya shirye shi. Kaico! Da bakina na faɗi haka, da miyar gidansu a hannuna.

Ban daina sayarwa ba, sai da na sayar wa ɗan sandan da ya yi shigar mahayi. Aka buɗe akwatin kayan aikin a gaban jama'a. Riki ya ce bai taɓa ganina ba. Alƙali ya yanke mini shekaru, aka kai ni wani gidan yari can arewacin jihar New York, inda ƙanƙara ke rufe taga.

Alhaji ya yi wannan doguwar tafiya ya zo ya same ni. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Abu guda na zo ji, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Habibu ya san abin da ya sha?" Allah ya buɗe mini ƙofa a wannan rana, ni na rufe ta. Na ji tsoron a ƙara mini laifi, na kuma ji kunyar idon mutumin nan. Na ce, "Alhaji, shi ya matsa mini, ya yi ta roƙona." Sai ya ce, "Na gode da ka faɗa mini gaskiya." Ya tashi yana dafa bango. Wannan ƙaryar ta fi mini zaman gidan yarin ciwo, har gobe.

Ina ciki limamin da ke zuwa mana ranar Juma'a ya kawo mini labarin rasuwar Alhaji. Ciwon zuciya ne. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, amma kuka ba ya komawa baya ya gyara magana. Daga nan na fara sallar gaskiya, ba ta ganin ido ba.

Da na gama wa'adina ba a sake ni cikin gari ba, aka tsare ni za a mayar da ni Najeriya. Na roƙi limamin ya nemo mini Habibu. Ban zaci zai zo ba, sai ga shi. Ya zama babban mutum, yana tuƙa motar ɗaukar kaya, bai sake hawa babur ba. Na faɗa masa komai, har da abin da na gaya wa mahaifinsa. Ya ce, "Na sani tun ranar kwamiti, Kawu. Na yi ta jira ka buɗe baki." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tseren na yafe. Amma na je asibiti Baba yana kwance, na kama hannunsa, ya janye. Wannan ba ni da ikon yafe shi." Ya ce uwarsa tana da haƙƙin ji daga bakina, ya ba ni lambar gida. Na buga. Hajiya ta saurara har na gama. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da hannuna na dama shi, na ba ka." Ta ajiye waya.

Yanzu ina Kano, ina gyaran babura a bakin titi, na tsufa. Na tuba, ina kuma fata Allah ya karɓa. Ku samari, in wani ya ba ku ƙunshi ya ce ku ajiye, ku tambayi abin da ke ciki, in ya ƙi faɗa ku mayar masa. Ku masu wasanni, kada ku sa ƙwaya a jikinku don cin kofi, kada ku sa wa wani, kuma kada wani ya ruɗe ku cewa akwai dabarar da ke ɓoye ta. In kuwa ƙaddara ta sa kun riga kun cuci wani, ku je yau ku faɗa, tun wanda ya kamata ya ji yana numfashi. Ni na jira, Alhaji Isufu ya shiga kabari yana fushi da ɗan da bai yi masa laifin komai ba.