Gwangwanin 'Yar Goggo

A Kafin Hausa idan ka ce kana neman Adama, sai a tambaye ka wacce, don masu sunan ba su ƙirguwa. Amma ka ce Inna mai jigida, ko makaho ka tambaya zai kai ka ƙofar gidan mijinta Malam Gwadabe, don shi ma hancinsa ya san hanya. Tun hantsi ƙamshin gurasa yake tsallake katanga ya tare mutane a lungu.

Sana'a biyu gare ta, kuma ta raba musu yini. Safiya ta wuta ce, yamma ta allura. Gurasar gadonta ta yi, tanderun ma da kanta take gina shi. Kek kuwa daga baya ta koya, bayan an ƙirƙiro jiha, wajen matar wani malamin makaranta da aka yi wa canjin aiki zuwa garin. A gwangwanin madara take zuba ƙullin, ta jera a kan yashi cikin babbar tukunya, ta ɗora garwashi a kan murfi. Aibinta ɗaya, hannunta nauyi ne da shi wajen sukari. Malam Gwadabe yakan ce wanda ya ci kek ɗin Inna ba ya bukatar sukari a shayi har kwana uku. Yana faɗa yana miƙa hannu a ƙara masa.

Da an yi azahar sai ta wanke hannu, ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ta baza duwatsu a faifai. Tana yin abin wuya da na hannu da 'yan kunne, amma jigida ce ta yi mata suna. Babu abin da take gaba da shi kamar kajin gidan, waɗanda har yau ba su yarda cewa jan dutse ba dawa ba ne.

Inna ba ta san awo da tef ba. Mace za ta shiga ɗaki a saki labule, ta zagaya mata zare a ƙugu, ta ƙulla inda ya haɗu. Wadda ke nesa kuwa ta auna kanta ta aiko da zaren. Idan jigida ta matse a ƙara duwatsu, idan ta yi yawa a rage. Waɗanda ta rage ba ta sayar da su, ba ta kuma haɗa su da na wata. Kowace mace da gwangwaninta a ƙarƙashin gado, da zarurrukan awonta a ciki. Takan ce jiki rani da damina ne, abin da ya tafi yana dawowa, sai a ajiye wa mai kaya kayanta.

Da wannan zaren ta san abin da ungozoma ba ta sani ba tukuna. Amarya za ta aiko a ƙara mata yatsa biyu, Inna ta yi murmushi ta ƙara uku, ta ja bakinta ta tsuke. Shekara talatin ba a taɓa jin sirrin ƙugun wata a bakinta ba.

Mai kai mata kaya gari-gari ita ce Gaji, aminiyarta tun suna amare, dillaliya ce da ba ta san zama ba. Ita ke sayo mata duwatsu a kasuwar Kurmi ta Kano, ita ke ɗaukar jigida da kek duk mako ta shiga mota zuwa Dutse, gidajen matan ma'aikata. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a Gaji ta zo a tsorace, wai kasuwa ta mutu tunda hijabi ya sauko har ƙasa. Inna dariya ta yi. Ta ce dama yaushe jigida ta taɓa zama kayan titi? Ciniki bai ragu ba, sai ma gyaran carbi da ya ƙaru mata.

A shekarar ce Gaji ta dawo daga Dutse da wani ɗan ƙulli a tsumma, ta ajiye a gefen faifai.

Ta ce, "Yaya, na 'yar Goggo ne. Ta ce a rage mata."

'Yar Goggo ita ce Safina, 'yar farin Inna. Tun da ta haife ta bakinta bai taɓa furta sunanta ba, saboda kunyar 'yar fari. Da aka yaye ta yayar Malam, Goggo Indo, ta ɗauke ta, a can ta girma, daga can aka kai ta Dutse gidan Abdulbaƙi, direba a wata ma'aikata. Idan sun haɗu gaisuwa ce a taƙaice, kowa idonta a ƙasa. Wanda bai sani ba sai ya ce babu ƙauna. Ƙauna kam akwai, har ta yi yawa. Jigidar auren ma Inna ce ta yi ta, layi biyar, baƙi da ruwan zuma, ta fi duk wadda ta taɓa yi wa wata kyau, sannan ta ba Gaji ta ce a ce a kasuwa aka saya.

Ta warware zaren ta gwada da na baya. Yatsa uku ya ragu. Ta ce a ranta zafin bazara ne da hidimar yara. Ta rage duwatsun ta zuba a gwangwani. Washegari ta tashi da himma, ta fasa ƙwai shida, ta zuba sukari har sai da hannunta ya gaji, ta yi kek guda goma sha biyu.

Ta ce wa Gaji, "Ki ajiye a gidan nan. Ki ce saura ya yi."

Gaji ta ce, "Saura goma sha biyu, Yaya? To Allah ya ƙara mana irin wannan rashin ciniki."

Bayan wata biyu wani zaren ya zo, ya sake raguwa. Inna ta tambayi Gaji ko dai yarinyar nan ba ta cin abinci.

Gaji ta ce, "Ci kai. A gabana ta tashi da kek huɗu, ta bi da ruwa kofi uku. Ni dai ban taɓa ganin mai shan ruwa irinta ba. Ta ce ciwon shawara ne, tana shan jiƙo."

Hankalin Inna ya ɗan kwanta, tunda mai ci ba ya mutuwa. Ta ƙara ƙaimi. Ta sa aka nemo mata zuma daga wajen Fulani, ta fara yanka dabino a cikin ƙullin. Duk abin da bakinta ya kasa tambaya, ta zuba shi a gwangwanin madara ta gasa. Da yamma idan ta sunkuya ɗauko kayan aiki takan girgiza gwangwanin 'yar Goggo, ta ji ƙararsa ta ƙaru, sai ta mayar da sauri.

Zare na uku ya zo ana tsakiyar damina. Ta gwada shi da na baya, ba ta yarda ba. Ta juye gwangwanin a faifai ta tono wani tsohon zare da ya yi ja, awon da Goggo Indo ta aiko da shi tun Safina tana shekara goma sha biyu. Ta haɗa su baki da baki. Tsawonsu ɗaya.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta tashi ta samu Malam a zaure ta ce gobe za ta bi Gaji Dutse. Malam ya dube ta, don shekara shida da auren ba ta taɓa taka gidan ba. Bai tambaye ta dalili ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Sun isa da hantsi, duwatsun garin sun yi kore da ruwan sama. Abdulbaƙi ya yi tafiya da ubangidansa na wajen aiki. Safina tana kwance a tabarma a tsakar gida, buta da kofi a gefenta, wuyanta duk ƙashi. Ta yunƙura za ta durƙusa ta gaida mahaifiyarta, jiri ya mayar da ita. Inna ba ta ko ajiye jaka ba, ta ce Gaji ta nemo mota.

A asibiti Gaji ta tsaya riƙe da marar lafiya a kan benci, Inna ta bi layin kati. Da ta iso taga, mai rubutu bai ko ɗago kai ba.

Ya ce, "Sunan marar lafiya?"

Ta waiwaya. Gaji tana can nesa, ga mutane a bayanta suna jira.

Ya ce, "Baba, sunanta fa?"

Ta ce, "Safina." Ta sake faɗa da ƙarfi. "Safina Gwadabe. 'Yata ce."

Ya rubuta ya miƙo kati, bai san ya ji abin da ba wanda ya taɓa ji cikin shekara ashirin da shida ba.

Aka ɗebi jini, aka ba ta gado. Da yamma wata nas mai suna Fatsuma ta kira Inna gefe ta ce ciwon sukari ne, kuma ya yi nisa, Allah ne ya sa aka kawo ta yau. Ta tambayi abin da ake ba ta a gida. Inna ta gyara tsayuwa, don a nan dai ta san ba ta gaza ba. Ta lissafa mata kek, da zuma, da dabino, duk mako ba fashi.

Nas ɗin ta kawar da kai. Daga nan Inna ta gane.

Ta ce, "Ni na ƙara mata ke nan?"

Fatsuma ta ce, "Ba ke kika sa mata ciwon ba, Inna. Amma daga yau a daina."

Ta fita bayan ɗakin ta zauna a ƙarƙashin wata bishiyar maina, ta yi kuka sosai. Abin da ya fi ci mata rai shi ne da hannunta ta auna sukarin, tana murna. Da tun zaren farko ta buɗe baki ta ce ina ke miki ciwo, da ba a kai nan ba. Gaji ta zo ta zauna kusa da ita, ta dafa kafaɗarta.

Kwana goma sha ɗaya suka yi aka sallame su, da allurar da za a riƙa yi kullum da jerin abin da ba za a ci ba. Inna ba ta koma Kafin Hausa ba. Ta sa Abdulbaƙi ya samo mata yumɓu, ta gina ɗan tanderu a bayan gidan hayar. Ta aika wa Malam ya turo alkamar fadama, aka niƙa ta da dusarta kamar yadda nas ta ce, ba fulawa ba sukari. Gashin farko ya fito da tauri kamar murfin tukunya. Abdulbaƙi ya ci don kara, yana taunawa yana yabawa, idonsa ya kawo ruwa. Sai a mako na biyu ta gano kansa. Ƙullin yana son ruwa da yawa da dogon jira, sannan a barbaɗa riɗi. Takan yanka ɗan madaidaici, ta haɗa da kwaɗon zogale, ta ajiye a gaban Safina ta zauna har sai ta ga an cinye.

Wata rana Safina ta ce, kanta a ƙasa, "Inna, kek ɗin nan fa ni nake roƙon Inna Gaji ta ƙaro. Ki daina ɗora wa kanki."

Inna ta ce, "Ci abincinki." Ta juya tana gyara garwashin da ba ya bukatar gyara.

Wata biyu ta yi ta koma gida. Kek ba ta daina yi ba, tunda sana'a ce, amma hannunta ya yi sauƙi, har Malam ya koma zuba sukari a shayi yana ƙorafi. Gurasar alkama kuma ta samu masu ita, tsofaffi da waɗanda likita ya hana zaƙi. Duk mako akwai ta Dutse, kuma yanzu ba a cewa saura ya yi. Zare ya zo sau ɗaya, ya ƙaru da yatsa biyu, ta mayar da abin da ya samu. Gwangwanin dai bai daina ƙara ba.

Da Babbar Sallah ta zagayo, bayan an gama hidimar nama, Inna tana kan tabarma da faifanta sai ga Safina ta yi sallama. Ta gaishe ta, ta ɗan tsaya, sannan ta wuce ɗaki ta saki labule, yadda kowace mace ke yi. Inna ta daɗe tana kallon labulen kafin ta yanko zare ta bi ta.

Safina ta ce, "Ta matse ni, Inna."

Rabon hannun Inna da jikin nan tun ranar yaye. Ta zagaya zaren a hankali, ta ƙulla, ta gwada da na ranar aure. Ta fito ta zauna, ta juye duwatsun a faifai, ta kori kaji, ta zura su layi bayan layi, baƙi da ruwan zuma, har rana ta yi sanyi. Da ta ɗaure bakin na biyar sai ta ɗauki gwangwanin ta girgiza a kusa da kunnenta. Bai yi ƙara ba.

Ta ɗaga murya ta ce, "Safina, zo ki gwada."