Hamdiya da Baƙin Shayi

Hamdiya ɗiyar makiyaya ce daga Azagor. Ta yi karatun sinadarai a jami'a, ta dawo Dakoro tana koyarwa a lise, wato babbar sakandare, kuma tun tana ƙarama an san ta da kafiya.

Shekarar da ƙanwarta Rahinatu ta samu ciki, likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ya ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Tana sha kullum, amma sai ƙara ɗashewa take yi. Da Hamdiya ta je duba ta gidan kawunsu Rhissa, sai ta tarar tana kora ƙwayar da shayi mai kauri, irin na farkon dahuwa.

"Kawu, a daina ba ta shayi tare da magani," in ji Hamdiya.

Rhissa ya ɗago daga gaban murhu. "Shayin da ya raini uwarki? Bokon naki ya kai nan?"

Mazan da suka zo shan shayi wurinsa suka yi dariya. Hamdiya ba ta tashi daga tabarmarsu ba. Ta ɗauki finjalin kawun, ta murƙushe ƙwaya guda a ciki, ta motsa. Shayin ya rine baƙi ƙirin.

Ta ce ƙarfe ne a cikin ƙwayar, shi jini ke nema. Idan ya narke, sai ya zama mai jan abin da ke kusa da shi. A ganyen shayi kuma akwai wasu ƙananan sinadarai da ke kewaye shi, su riƙe shi gam ta ko'ina, har hanji ya kasa karɓa. Wannan baƙin, riƙon ne ake gani.

"Kin ɓata mani shayi gaban baƙina," in ji Rhissa. "Fita!"

"Zan fita, Kawu, amma da ita zan tafi."

Haka kuwa aka yi. Rahinatu ta zauna wurinta, tana shan ƙwaya da ruwan lemun tsami da safe, shayi kuma sai bayan la'asar. Dangi suka yi ta aike a maido ta, Hamdiya ta ce ba inda Rahinatu za ta je sai ta haihu.

Ta haihu lafiya. Rhissa ya zo suna da rago, amma har yau gaisuwarsa da Hamdiya a tsaitsaye take. Ita kuwa duk ranar awon ciki tana zuwa asibiti inda mata ke jira, ta zauna tsakaninsu ta tambayi kowace da me take shan maganinta.