Matar da Ke Korar Iska

Kafin kowa ya iso, Inna Rufe-Ƙofa ta riga ta tsaya gaban akwatin. Ba ta ajiye jaka, ba ta amsa gaisuwa, sai ta duba ɗan allon da ke goshinsa ta ga lamba uku. Shekararta ashirin da shida a ɗakin gwajin asibitin nan, kuma ƙarshen makon nan za ta ajiye aiki. Amma in ka ga kai-kawonta, sai ka rantse jiya aka ɗauke ta.

A cikin akwatin ake rainon ƙwayoyin garkuwar jiki, masu yaƙi da cuta, a 'yan faranti. Ukun nan kuwa ma'aunin oksijin ne. Iskar da muke shaƙa tana da kashi ashirin da ɗaya cikin ɗari, amma can cikin ɓargo, inda ƙwayoyin ke tasowa, 'yar kaɗan ce. In iskar ɗaki ta yi musu yawa sai su sauya hali, gwaji ya shara maka ƙarya. Shi ya sa ake hura wa akwatin iskar nitrojin daga tukunyar ƙarfe, ta kore oksijin. Asibiti kaf neman oksijin yake, Inna kaɗai ke korar ta.

Farfesa ma, shugaban ɗakin gwajin, bai tsira ba. Ranar da ya kawo baƙi ya kai hannu ga murfin, sai ta sha gabansa. "Ranka ya daɗe, su leƙa ta gilashi. Ba kasuwa ba ce." Daga ranar sunan Rufe-Ƙofa ya bi ta.

Bara aka kawo wani magini da ko ƙwarzane ya yi sai ya ruɓe, zazzaɓi kuma ba ya barinsa. Aka huda ƙashin ƙugunsa aka ɗebi ɓargo, don a ga abin da ya sami ƙwayoyinsa. Ya sha wuya har ya ce wa matarsa, "Ko mutuwa zan yi, ba za a sake ba." Jikin ma ba zai ɗauka ba. Faranti huɗu aka samu daga ɓargon, kwana goma sha biyu suke buƙata a akwatin, babu na biyu.

Rana ta tara, da hantsi, tukunyar nitrojin ta ƙare, motar da ke kawowa kuma ta lalace a hanya. Allo ya koma huɗu. Inna ta liƙe bakin murfin da filasta, ta ruga waya, ta dawo, ta sake rugawa. Ta tarar da wata sabuwar likita ta garo tukunya tana haki.

"Inna, ga shi na samo! Huɗu fa! Ai shaƙewa za su yi!"

Inna ta dubi tukunyar. Oksijin ce, daga ɗakin marasa lafiya. Yarinyar kirki, abin da aka koya mata ke nan: lamba ta yi ƙasa, a ƙara iska.

"'Yar nan, wa ya aike ki? Ba majinyaci ba ne, a ƙarancin suke zaune lafiya. Mayar wa masu ita, ki zo ki jingina da murfin nan. Ko Farfesa ne, ki ce na hana."

Inna ta fice. Masu gadi sun shaida: mace mai ciwon gwiwa ta tsallaka titi da keken marasa lafiya, ta shiga ginin masu binciken dabbobi, ta fito da tukunyar nitrojin ɗaure a kujera da mayafinta, tana daka wa motoci tsawa. Da ta iso allo na kan bakwai. Ta ɗaura bututu. Ba ta zauna ba sai da ta ga uku, sannan ta fashe da kuka, ta kuma yi wa kowa faɗa don ya gani.

Gwajin ya fito, likitoci suka gane inda matsalar take, aka sauya magani. Bayan wata huɗu magini ya dawo da ƙafarsa yin godiya. A baranda ya ci karo da ita.

"Baba, don Allah ina ofishin Farfesa?"

"Ƙofa ta biyu a dama," in ji ta. Ta bi shi da kallo har ya shige, ta koma gaban allonta.

Ni da nake aiki tare da ke, abin nan yana ci mini rai har yau, Inna. Ke ce mai gadin abin da ido ba ya gani. Ke ce ba ki taɓa cin abincin rana a zaune ba. Jiya ma, ana tsakiyar jawabin sallamarki, muka waiga kujerarki babu kowa, kin tafi duba allo.

Mun gode, Allah ya huta gajiya, in har kin iya hutawa. Ku kuma da za ku gaji akwatin, ku riƙe shi yadda ta riƙe, ku duba lamba kafin ku ajiye jaka. Magini yana can kan katanga yana jera bulo, bai san ke ce ba. Mu mun sani.