Mma Adiza, wadda ta ciro ƙyaure don kurma ta yi rawa

Kafin ladan ya yi kiran asuba, Mma Adiza ta dama kokon da take sayarwa a Zangon Ankara. Hantsi na yi sai ta kife tukunya, ta jawo ƙoren kiɗanta, ta ɗinke wadda ta tsage. Tun kafin a kwashi mazanmu zuwa yaƙin Kumasi na farko, ba suna ba aure a zangon nan da ba a ji ƙwaryarta ba. Bana ta ce yatsu sun gaji, za ta huta. To, kafin ta huta, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Kowa ya san ta da kurame. In ta hango ɗaya ya raɓe a gefen taro, sai ta yafito shi, ta kife masa ƙwarya a cinya ta kaɗa, kiɗan ya ratsa shi har ciki. Ka ga mutum yana ta washe baki.

Amma zancen Sharifa daban ne. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana yarinya. Wani biki ta shiga fili tana kwaikwayon ƙafafun mata, daɗi ya sa ta lumshe ido, kiɗa ya tsaya ba ta sani ba, ta yi ta rawa ita kaɗai. Ba ta ji dariyar ba, amma ta ga haƙora. Shekara goma sha biyu ba ta sake leƙa biki ba.

Sai ga auren autarta. A nan kuwa in uwar amarya ba ta taka rawa ba, gobe a ce ba ta son auren. Sharifa ta nuna da hannu ko a yanka ta ba za ta shiga ba.

Ƙwarya a cinya ta mai zama ce, mai rawa kuwa a tsaye take. Sai Mma Adiza ta tashi ta ciro ƙyauren ɗakin mijinta, Malam Garuba, ta shimfiɗa a ƙasa. Ƙwarya a wannan kai, Sharifa a wancan, ba takalmi. Kwana bakwai suna haka.

"Adiza, ina ƙyaurena?" in ji Malam.

"Ya tafi biki, Malam."

Ranar auren ina wurin. Sharifa ta hau katakon, kiɗa ya shiga tafin ƙafarta, ta taka, ta juya, har ta lumshe ido. Na ce shi ke nan! Mma Adiza ta buga na ƙarshe ta ɗaga hannu, Sharifa ta tsaya cak tare da kiɗan. Sannan ta buɗe ido, ita ta fara dariya. Wallahi har da ni a masu kuka.

Ke ce, Mma Adiza, mai kiɗan da ba ya barin kowa a gefe. Mun gode, Allah ya saka, ya ba yatsun nan lafiya.

Ku kuma 'yan matan da za ku gaji ƙoren, ku riƙa waiwayen gefen taro. Malam Garuba dai ya haƙura ya rataya tabarma. Ƙyauren yana nan jingine a zaure, duk mai biki ya zo ya ara.